Bazarar da Na Sa Inna Ɓarar Gyaɗa

Hadarin nan ya ishe ni. Tun makon jiya yake tasowa daga gabas baƙi ƙirin, iska ta kwashe wa mutane shanya, mu yi ta guje-guje muna jera bokitai a bakin indararo, sai kuma ya watse ya bar mu da zufa. Shamuwa ta iso tuni, tana can kan kukar bayan gari tana kallonmu. Ni in bazara ta kai wannan gaɓa ba na iya zama wuri ɗaya. In shiga ɗaki in fito, in leƙa randa, in yi wa awaki faɗan da ba su ji ba su gani ba. Ɗazu maigidana, Malam Idi, ya gaji da zirga-zirgata ya ce, "Sa'a, don Allah ki nemi abin yi." Shi ne na jawo buhun gyaɗar iri na zauna ɓara.

Yanzu akwai inji a kasuwa, kafin ka gama gaisawa da mai shi ya ɓare maka buhu guda. Amma inji yana raba ƙwaya biyu, gyaɗar da ta rabe kuwa ba ta tsira, shi ya sa ta iri har gobe da hannu ake ɓare ta. Ina matsa ta farko ta ce ƙas, sai na gan ni a tsakar gidanmu na ƙauye, can gefen Dutsi, shekara goma sha wani abu baya, Inna tana zabga mini harara.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Mu biyu muka rage wa Inna: Yaya Habu, mai sana'ar dabbobi a cikin Daura, sai ni da nake aure a Mai'adua. Mun yi mun yi ta koma wurin ɗayanmu ta ƙi. Tana da gonarta ta gyaɗa, tana matsar mai tana soya ƙuli-ƙuli, ta ce ba za ta je birni ta zauna tana kallon bango ba. Katanga ɗaya ta raba ta da Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu, kullum suna faɗa kullum suna tare.

A farkon waccan bazarar, tana cikin daka da hantsi, ta jingine taɓarya ta ce wa Gwaggo Tabawa kanta zai tsage. Ta yi amai, ta sulale a jikin turmi. Ko da na iso a kan acaɓa an riga an wuce da ita asibiti, daga nan aka tura mu Katsina. Likita ya ɗaga mana hoton kanta ya nuna wani wuri fari, ya ce hawan jini ne ya fasa jijiya, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Inna ba ta taɓa sanin tana da hawan jini ba. In kanta ya yi ciwo ɗaure shi take yi da kallabi ta ci gaba da aiki.

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta farfaɗo, amma ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tsaya. Abin da ya rage mata shi ne "a'a" da "bari" da wani "ke" da take ja in na ba ta haushi. A ɗakin da aka kwantar da ita akwai wata nas gajeruwa mai faɗan tsiya, Sista muke ce mata, jininmu ya haɗu da ita don halinmu ɗaya. Ita ta koya mini komai. Yadda zan riƙa juya Inna kada kwanciya ta ci mata baya. Yadda zan ɗaga ta ba tare da na ja shanyayyen hannun ba. Kada in kuskura in ba ta wani abu tana kwance, sai na zaunar da ita tsaf, kuma mai kauri, kaɗan-kaɗan, don ruwa tsararo yana iya bin hanyar numfashi ya sarƙe ta. Ta nuna mini yadda ake buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwan ɗumi.

Ranar da za a sallame mu ta riƙe mini mayafi a bakin ƙofa.

"Na san ku," ta ce. "Kuna zuwa gida za ku kwantar da ita ku yi ta yi mata hidima har ku kashe mata jiki. Duk abin da za ta iya yi da kanta ki bar ta ta yi, ko da zai ci mata wuni. Ke dai ki tsaya kusa kada ta faɗi. Hannun nan in an ba shi aiki a watannin nan zai iya dawowa, in an bar shi ya dunƙule shi ke nan."

"In ta yi kuka fa?"

"Za ta yi. Ki share mata hawaye ku ci gaba."

Muka dawo ƙauye rana tana tsakiyar cin ƙasa. Zafin waccan shekarar har yau ban ga irinsa ba. Kwanon ɗakin Inna in rana ta take sai ka ji yana ƙara, tabarma ta yi zafi, ruwan randa ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a murhu. Da sassafe nake fito da ita rumfa, in jiƙa zane in rataya ta gefen da iska ke shigowa. In wanke mata baki, in goge mata jiki, in duba bayanta da ƙugunta da dugaduganta ko wani wuri ya yi ja, in shafa man gyaɗa. In ba ta ƙwayar hawan jini a cikin kunu. Sai wanki. Mai jinyar wanda ba ya iya tashi ya san wankin da nake nufi, ba sai na faɗa ba.

Ruwan wankin shi ne tashin hankali. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, guga laka yake kwasowa. Fanfon tuƙa-tuƙa ɗaya ne a garin, jarkoki a jere har bakin masallaci. In bar Inna da Gwaggo Tabawa in ruga, ina layi hankalina yana gida, ina gida hankalina yana layi. Yanzu an yi musu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, yara suna wasa da ruwan da a lokacin da shi zan wanke zannuwa uku.

Ga shi daminar baya ba ta yi kyau ba. Rumbun Inna ya kusa ƙasa, in ka leƙa sai ka shiga da rabin jikinka kafin ka taɓo damin gero. Tuwo sau ɗaya a wuni, miyar kuka ba mai, don mai matsar man tana kwance. In na dama kunun tsamiya in kwashe mata mai kaurin, ni in ƙara wa sauran ruwa in sha. Yaya Habu bai yi sakaci ba, in faɗi gaskiya. Duk ranar kasuwa sai ya aiko da dawa da madara da magani, alhali shi ma dabbobinsa sun rame, ba harawa, ba mai saye.

Sai 'yan dubiya. Allah ya saka musu da alheri, amma sun ba ni wuya. Tun hantsi ake sallama, kowace da kwanonta, kowace da maganinta. Wannan ta ce iska ce ta buge ta, waccan ta ce a yi hayaƙi. Wani malami ya aiko da rubutu a kwalba, na rasa yadda zan yi, don ruwa ne tsararo, sai na riƙa dama mata kunu da shi. Abin da ba na ɗauka shi ne in juya baya in tarar an tallabo kanta tana kwance ana ɗura mata fura da ludayi. Rannan ta sarƙe, idanunta suka firfito, na fizge ludayin daga hannun wata tsohuwa sa'ar kakata. Daga ranar aka fara cewa 'yar Inna ba ta da kunya.

Rashin kunyar bai kai ko'ina ba sai da na fara bin maganar Sista sosai. In ajiye kwano a gaban Inna in sa mata cokali a hagu, in koma gefe in naɗe hannu. Rabi a baki, rabi a zane. A garinmu kuwa uwa ko lafiyarta ƙalau, in 'yarta tana wurin ba ta ɗaukar ko buta. Balle uwar da ke jinya, ga baƙi zaune. Gwaggo Tabawa takan kawar da kai ta ce, "Sa'a, ki ji tsoron Allah. Nonon nan fa kika sha."

"Shi ya sa, Gwaggo."

"Shi ya sa me? Ba ni cokalin nan."

"Ba zan bayar ba."

Lokacin ɓarar iri ya zo. A al'adar unguwarmu mata kan taru gida-gida, yau a ɓare na wannan gobe na waccan, ana hira ana tsokanar juna. Saboda Inna ba ta fita, sai suka ce a fara da nata. Aka zazzage buhu a tsakar gida, aka kewaye shi, ƙas-ƙas ta ko'ina. Ina lura da Inna a rumfa. Yatsunta na hagu suna motsi a kan tabarma, suna matsa abin da babu. Matar da ta shekara hamsin tana wannan aiki, ko barci take yi hannunta ya san shi.

Na ɗebo gyaɗa a faifai na ɗora mata a cinya. Na ɗauko hannun daman, na buɗe yatsun, na sa gyaɗa ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, na rufe da nawa hannun muka matsa tare. Hira ta tsaya cak.

"Bari," in ji Inna.

"Ba zan bari ba. Gyaɗarki ce, ni ban san ta ba. Matsa."

Ta matsa, ko ta yi niyyar matsawa. Gyaɗar ta suɓuce ta gangara. Na ɗauko na mayar. Ta sake suɓucewa. Hawaye ya gangaro ta gefen da bakin ya karkace, ta dube ni ta ja "keee" ɗin nan nata, ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ceto. Wallahi zuciyata kamar ta faɗo, amma na share mata fuska da bakin zanena na mayar da gyaɗar. Gwaggo Tabawa ta tashi ta kakkaɓe zaninta ta fita. Sauran suka bi ta ɗaya-ɗaya, aka bar mini buhu ko rabi ba a yi ba.

Ban fasa ba. Kullum bayan kunun safe sai faifai, da la'asar kuma in ɗaga ta ta tsaya ta dafa turken rumfa, ƙafar tana rawa, ni ina riƙe da ƙugunta. Na fara jin ɗan ƙarfi a babban yatsan, kamar motsin ɗan tsako a cikin hannu. Ni kaɗai nake jin sa. Abin da gari yake gani shi ne tsohuwa tana kuka da faifai a cinya, 'yarta tsaye a kanta. Magana ta tashi ta hau mota ta isa Daura, ta zama wai na mayar da Inna baiwa, ba na ba ta abinci sai ta ɓare mudu.

Yaya Habu ya iso ranar kasuwar Mai'adua da yamma, ya dawo daga cin kasuwa, ko gida bai biya ba. Ya shigo ya same mu a jikin turke, Inna ta jiƙe sharkaf da zufa, ga faifai a gefe. Yaya mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya karɓe ta daga hannuna ya kwantar da ita, ya ɗauki mafici yana yi mata fifita.

"Sa'a, a kasuwar kara ake tare ni ana tambayata ko na san abin da ake yi wa uwata."

"Yaya, a asibiti aka ce..."

"Na ji abin da aka ce. Amma su ba su san wahalar da matar nan ta sha a kanmu ba. Tun muna yara take daka take noma. Yanzu da Allah ya kwantar da ita, ba za ta huta ba sai a kabari?"

"In ta huta yanzu ba za ta ƙara tashi ba."

"Ke ce Allah?"

Ya sunkuya kusa da kunnenta ya ce, "Inna, in tafi da ke Daura ki huta? Binta tana nan, za ta kula da ke." Binta matarsa ce. Na zuba wa Inna ido. Ta dube ni, ta dubi faifan, ta gyaɗa masa kai.

Wannan gyaɗa kan ya yi mini ciwo fiye da duk maganganun gari. Na haɗa mata kayanta, na jera wa Yaya magungunan na gaya masa lokutansu, na ɗaure bakin buhun gyaɗar na jefa shi ɗakinta na ja ƙofa. Washegari na koma Mai'adua ina cewa a raina su ƙarata.

Ashe ba a ajiye jinya kamar yadda ake ajiye tulu. Na koma ɗakina amma jikina bai koma ba. Ina tsakiyar tuƙa tuwo sai in ji gabana ya faɗi, lokacin juya ta ya yi. In ɗebo ruwa in tsaya ina lissafin zannuwan da babu su. Ga ruwan sama ya ƙi zuwa. Maza suka gaji da jira suka yi binne, suka zuba gero a busasshiyar ƙasa suka bar wa Allah. Aka fita roƙon ruwa bayan gari, tsofaffi da yara a rana ba takalmi. Hadari ya yi ta haɗuwa yana watsewa kamar na yau, ni ma haka nake, in ɗauki mayafi in ce Daura za ni, in kai zaure in tuna gyaɗa kan nan in dawo. In na kira waya Binta ta ce, "Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi, tana ta hutawa." Kalmar hutawar nan ita ke hana ni sukuni.

Da ruwan ya tashi zuwa da rana tsaka ya zo, da iska da ƙanƙara. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna tsalle, kowa ya saɓi sungumi. Bayan 'yan kwanaki aka sake yin wani mai ƙarfi, irin wanda ake shuka gyaɗa da shi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon indararo, ina tuna gonar Inna tana can ta sha ruwa ba kowa a cikinta, irin kuma yana ɗaure a ɗaki. Malam Idi ya dube ni ya ce, "Ki shirya in kai ki tasha. Kin hana kanki sakat kin hana mu."

Ba zan ci amanar Binta ba, ta yi wa Inna abin da ko 'yar cikinta sai haka. Ɗaki mai siminti, katifa mai laushi, fanka tana juyawa, ƙamshin turaren wuta. An yi mata kitso, an sa mata lalle a ƙafa. Binta tana durƙushe a gefenta da kofin shayi mai madara tana ba ta a baki, ko ƙuda ba ta bari ya sauka. Inna ta yi fari ta yi kyau, in ka gan ta daga ƙofa sai ka ce sarauniya.

Da na matso na ga sauran. Ƙafafun sun zama sirara. Na juya ta na ɗaga zane, ƙasan bayanta ya yi ja, fata ta fara saluɓewa. Hannun daman kuwa ya lanƙwashe ya manne a ƙirji, yatsun sun dunƙule tam.

"Tun yaushe ba a buɗe hannun nan ba?"

Binta ta sunkuyar da kai. "Anti Sa'a, in na taɓa sai ta yi ƙara. Ni kuwa ina zan iya sa uwar mijina kuka? Ko ido ba na iya haɗawa da ita."

Ban yi mata faɗa ba. Suruka ce, abin da aka koya mata ke nan, kuma ta yi shi da zuciya ɗaya. Na ce ta kawo mini ruwan ɗumi a roba.

Inna ba ta dube ni ba tun da na shigo, ta juya fuska bango. Na gaishe ta ba ta amsa ba. Na tsoma hannun a ruwa na yi ta murza wuyan hannun har ya ɗan saki, sannan na fara da ƙaramin yatsa. Ya ƙi. Na bar shi na koma manuni. Tana nishi, ina ba ta haƙuri ina ja a hankali. Wari ya taso, irin na wurin da ya daɗe bai sha iska ba. Da na samu manuni da na tsakiya suka ɗaga, sai na ji wani abu mai tauri a tafin. Na zaci ƙurji ne. Na sa yatsa na zaƙulo shi.

Gyaɗa ce, guda ɗaya, da ɓawonta. Ta yi baƙi da zufa, ta yi shatarta a tafin hannun har wurin ya yi rami. Ta bakin da ake matsawa ɓawon ya ɗan loɓa, bai dai fashe ba.

Binta ta dafe ƙirji. Ta ce kwanakin baya wata mata daga ƙauye ta zo dubiya da gyaɗa a leda, Inna ta yi ta nuna ledar, ita kuma ta zaci ci take so, ta ɓare ta daka mata a kunu. Ba ta ga lokacin da Inna ta ɗauki ɗaya ba. Wato da hagu ta ɗauka ta cusa a daman da kanta, tana matsawa in ba kowa a ɗakin, har hannun ya rufe a kanta ya ƙi buɗuwa, ba ta kuma da bakin da za ta faɗa.

Na zauna riƙe da gyaɗar nan na yi kuka, ni da ban yi ba ko a asibiti. Sai na ji Inna ta juyo. Bakin yana ta motsi, ta daɗe tana kokawa da shi kafin maganar ta fito.

"An... shuka?"

Na share hanci na ce, "A shuka me? Iri yana can a ɗaure, ko rabi ba a ɓare ba. Kin gudu kin bar aiki, matan unguwa sun yi fushi. Wa zai ɓare?"

Ta harare ni, harara irin ta da, mai lafiya.

"Ni."

Yaya Habu ya dawo bayan azahar. Ban yi masa gori ba, ko da yake na tanadi maganganu tun daga Mai'adua. Na buɗe masa tafin hannun ya ga ramin, na ɗora masa gyaɗar a nasa hannun, Binta ta gaya masa sauran. Ya daɗe tsaye yana juya ta. Sannan ya durƙusa ya ce, "Inna, gida?" Ta gyaɗa kai, da ƙarfi wannan karon.

"Mutane za su yi magana," ya ce da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Za su yi."

"To su yi. Bari in nemo mota."

Makonnin da ta yi a kwance sun tafi da abin da suka tafi da shi. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba su ƙara buɗewa ba har ta koma ga Allah, shekaru bayan haka. Gyambon bayan sai da ya ci mini damina guda ina wanki ina juyi kafin ya rufe. Amma ta tashi. Kafin a yanke gero tana takawa da sanda har zaure, tana alwala da kanta, tana faɗa da Gwaggo Tabawa ta kan katanga da rabin baki. Gwaggo ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Ita ce dai ta tara matan suka gama ɓarar, Yaya ya kira gayya aka shuke gonar a wuni ɗaya. An makara, gyaɗar ba ta yi wani abin kirki ba, ta dai mayar da iri da ɗan na miya.

Abin da bazara take dawo mini da shi kullum shi ne safiyar farko bayan mun koma. Ƙasa a jiƙe, rumfa tana ɗiga, kaji suna tono a gindin turmi. Na zaunar da Inna na kawo faifai, ta ture shi da hagu, ta miƙo mini tafin hannu. Sai da na yi tunani kafin na gane. Na kwance bakin zanena na ciro baƙar gyaɗar nan na ba ta.

Ta cusa ta ƙarƙashin babban yatsan dama, ta ɗora hagu a kai ta danna. Ta suɓuce. Na kai hannu zan ɗauko, ta ce, "Bari." Ta lallaɓa ta ɗauko da kanta. Na koma gefe na naɗe hannu, na tashi na zauna ya fi a ƙirga. Na dama kunu ya huce. Rana ta ɗaga ta fara shigowa rumfar. Gwaggo Tabawa ta leƙo ta kan katanga, ta buɗe baki, ta mayar ta rufe, ba ta kuma sauka ba.

Can na ji gyaɗar ta fashe. Ba ƙas ta ce ba, don ɓawon ya riga ya yi laushi, wani ɗan sauti ne kamar an taka busasshen ganye. Inna ta buɗe ɓawon da farce. Ƙwayoyin ciki sun ruɓe, sun yi baƙi, ba sa ciwuwa balle shukuwa. Ta ɗaga su kusa da ido ta duba, ta taɓe rabin bakin da ke motsi, ta watsa wa kaji. Sannan ta goge hannun a zane, ta dubi faifan da ta ture, ta dube ni.

"Miƙo wata," ta ce.